Yadda ake tattara hotuna da labarin kantunan da suka ɓace a garinku

Ƙauran Namoda gari ne da jirgin ƙasa ya buɗe wa kasuwa. Layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, a nan ya tuƙe a 1929, kuma inda dogo ya tuƙe nan kaya ke taruwa. Gyaɗa da auduga da fata da ƙirgi daga ƙasar Zurmi da Moriki da Shinkafi nan suke shiga tarago, gishiri da kananzir da yadi da goro kuma nan suke sauka. Kewayen tashar aka yi kantuna da fuloti, wato wuraren sayen amfanin gona, da rumfunan teloli da masu abinci da gidajen saukar baƙi. Yau kuwa sai ka tarar da saurayi ya kafa teburin cajin waya a jikin wani tsohon gini mai kwano duk tsatsa, ka tambaye shi me ake yi a nan da can, ya ce shi dai haka ya taso ya gan shi.

Ni malamin firamare ne mai ritaya, mahaifina kuma tela ne da ya yi zamansa kusa da tasha. Tun da na ajiye alli na shiga bin gidaje ina neman tsofaffin hotunan waɗannan wurare da labarinsu. Yadda ake aikin zan bayyana a nan, don wanda ke son yi wa garinsu, ko Talatar Mafara ce, ko Tsafe, ko Anka, ko can Jega da Yawuri. Abu guda nake so ka riƙe tun yanzu: fara da mutane, hotuna su biyo baya. Hoton da ke kwance a akwati zai jira ka shekara goma. Tsohon da ya san sunan kowa a cikinsa ba lallai ya kai baɗi ba, in kuwa ya tafi, abin da ya rage a hannunka takarda ce mai fuskokin da ba wanda ya shaida.

Zana titin tukuna

Kafin ka nemi hoto ko ɗaya, samo farin kwali babba irin wanda muke zane a kai a aji, ka je majalisar dattawa bayan La'asar. Ja layi a tsakiya, ka ce wannan ita ce hanyar da ta taso daga tasha zuwa kasuwa. Sai ka ce, "Baba, in mutum ya sauko daga jirgi ya miƙe, wa zai fara tararwa a hannun dama?" Daga nan aikinka rubutu ne kawai. Wani zai ce mai shayi, wani ya ce a'a, mai gyaran agogo ya riga shi zama wurin. Bar su su yi gardamarsu, domin a cikin gardamar sunaye da shekaru ke fitowa. Rubuta maganar kowa, ka sa sunan wanda ya faɗe ta a gefe, kada ka yi musu alƙalanci.

Zanen nan shi zai nuna maka ƙofofin da za ka yi sallama, tunda kowane suna da aka ambata yana da ɗa ko jika a gari. Ka sake yin irinsa da tsofaffin mata, ko ka sa matarka ko ƙanwarka ta yi in shiga bai dace da kai ba. Taswirar mata daban take fitowa. Su suka san inda injin niƙa na farko yake, da gidan da ake sayen man gyaɗa, da dillaliyar da ke kawo tasoshin jere, da ɗan kolin da ke ba da bashin tsakiya da kwalli.

Inda hotunan ke kwance

Kaɗan ne za ka samu a albam. Yawancin abin da ya zo hannuna daga akwatin ƙarfe ya fito, ko adakar tsohuwa, ko cikin kwalla ƙarƙashin zannuwa, ko tsakanin shafukan tsohon littafin bashi. Kuma kada ka shiga gida ka ce hoton kanti kake nema, za a ce maka babu, kuma gaskiya aka faɗa. Mutanenmu ba su ɓata kuɗinsu wajen ɗaukar gini. Mutum ake ɗauka: ango da abokansa, saurayi da sabon kekensa Raleigh, direba ya jingina da motarsa, alhaji ranar da ya sauka. Kantin yana can bayansu, rabin allon sunansa ya leƙo ta kafaɗar wani. Saboda haka ka roƙa a nuna maka duk hoton da aka ɗauka a waje, kai kuma ka riƙa duban abin da ke bayan mutanen.

Gidan da ya fi kowanne daraja a wannan aiki shi ne na tsohon mai hoto. Masu ɗakin hoton da na taso na gani yawancinsu Yarbawa ne, wasu sun koma gida, wasu 'ya'yansu na nan gari ko Gusau. Tambaye su ko akwai sauran dodon hoto. Mutane na raina shi don ba a ganin komai a jikinsa sai an ɗaga shi ga haske, amma shi ne asali, kuma in an sa shi a na'urar sikana mai karɓar fim yakan fitar da rubutun allo da ba ya karantuwa a hoton da aka wanke. Bayan masu hoto sai tsofaffin ma'aikatan reluwe, da akawun fuloti, da direbobi, da hedimastoci, da waɗanda suka yi siyasa. Fada ma tana da nata, amma a bi ta hannun mai unguwa ko hakimi, ba a faɗa wa fada haka kawai da waya a hannu.

Duk takardar da ke da sunan shago ka ɗauke ta da muhimmancin hoto: rasit, lasisi, tikitin jirgi, ambulan mai kan sarki da hatimin gidan waya, kalandar da kamfani ya raba. Rasit ma ya fi hoto wani abu, don yana da kwanan wata.

Yadda ake roƙa

Je da wanda gidan suka sani. A halin da muke ciki a Zamfara, baƙo mai yawan tambaya yana ɗaukar hotuna ba ya samun kyakkyawar fassara, kuma ba laifin mutane ba ne. Ƙauyuka kuwa kada ka kama hanya sai ka tambayi lafiyarta. In akwai shakka, ka nemi wani ɗan gidan ya ɗauko maka da wayarsa.

Tambayar da za ka fi sha ita ce wadda wani dattijo ya taɓa yi mini: "Malam, mi kaka yi da hoton mutanen da sunka riga mu gidan gaskiya?" Na ce masa, "Baba, so nake jikokinka su san a nan kakansu ya ci abinci." Ya yi shiru, sannan ya aika a ɗauko akwatin. Faɗi gaskiyar abin da za ka yi, har da cewa kana da niyyar sa wasu a intanet, in kana da ita. Akwai wanda zai ƙi saboda fahimtarsa ta addini game da hoto, akwai wanda ya ƙone nasa tuni. Kada ka ja da shi. Karɓi labarin baka, ka yi godiya.

Doka guda ba na sassauta ta: hoto ba ya fita daga gidan mai shi sai in tare da mai shi. Ko an ce ka tafi da shi ka dawo da shi gobe, ƙi. Kusan kowane gida na da labarin wani da ya ari hoto shi ke nan ba a sake gani ba, kuma ranar da aka ji kai a gaban mai shi kake ɗauka ka mayar, gidaje da kansu za su riƙa aiko maka.

Ɗauka da waya

Wayar hannu mai kyamara ta isa. Goge idon kyamarar da gefen riga, shimfiɗa hoton a kan baƙin yadi a inuwa mai haske, kamar bakin zaure da hantsi, ka kashe filasha. Riƙe wayar sama da hoton daidai, kada ta karkata, ka tabbata inuwar hannunka ba ta faɗa a kai ba. Ɗauki hoton gaba ɗaya har da gefunansa, sannan ka matso ka ɗauki allon shago da lambar mota da duk wani rubutu daban. Sai ka juya shi ka ɗauki bayansa. Mutane da yawa na manta bayan, alhali nan hatimin mai hoto yake, wani lokaci da kwanan wata ko saƙon da aka rubuta wa aboki.

Hoton da ke cikin firam, in ya manne da gilashi, kada ka yi ƙoƙarin ɓamɓare shi, fuskar ce za ta bi gilashin. Ɗauke shi haka nan, ka ɗan kauce gefe har ƙyallin ya gushe. Manhajar PhotoScan ta Google na taimakawa wajen kawar da ƙyalli. In akwai shagon kwamfuta mai sikana kusa kuma mai hoton zai raka ka, ce a sa lambar kaifi a 600, ba 150 da suka saba yi wa takardun makaranta ba. In za a turo maka hoto ta WhatsApp, ce a turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar na matse shi har ƙananan rubutu su dagule.

Nan take, tun kana zaune, ka rubuta a littafi: gidan wa, wa ya nuna maka, su wa ke ciki daga hagu zuwa dama, ina aka ɗauka. Kada ka ce sai ka koma gida.

Gano shekarar hoto

Nan ne daɗin aikin yake, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Tsoho ba zai ce maka 1974 ba, zai ce "shekarar da aka yi fari" ko "zamanin Gowon" ko "kafin a yi wa Inna aure". Naka ne ka haɗa maganarsa da abin da idonka ya gani a hoton.

Fara da kuɗi. In allon farashi ko rasit ya nuna fam da sule, kafin 1 ga Janairu 1973 ne, ranar da naira da kwabo suka fara aiki, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Amma wannan ga rubutu ne kawai. A baki mutane sun ci gaba da cewa sule da fam shekara da shekaru, don haka in tsohuwa ta ce ta sayi atamfa fam uku, bai nuna kafin 1973 ba ne, tana iya nufin naira shida. In ka ji taro da sisi da ahu da anini a labari, to nan ka fi kusa da tsohon kuɗi na gaske. Takardar naira ashirin mai hoton Murtala a 1977 ta fito, ta hamsin a 1991, ta ɗari a 1999, kuma sukan bayyana a hotunan biki inda ake liƙi.

Sai motoci. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu 1972. In ka ga motoci na tafiya a gefen hagu na titi, kafin nan ne. Sitiyari a dama shi kaɗai bai isa hujja ba, tsofaffin motoci sun ci gaba da aiki bayan canjin. Ka kuma duba rubutun da ke cikin hoton, don wani lokaci mai wanki kan juya dodon, komai ya fito a birkice. A 1975 aka fara haɗa Fijo 504 a Kaduna, in ka gan su jere a tashar mota, da wuya hoton ya riga wannan lokaci. Lambar mota mai farawa da SO ta zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato ce.

Sunan jiha a allon gwamnati ko a adireshin shago ma'auni ne mai kyau. Jihar Arewa maso Yamma daga 1967 zuwa 1976, Jihar Sakkwato daga 1976, Kebbi ta fita a 1991, Zamfara a 1 ga Oktoba 1996. Allon da ya ce En'e, wato hukumar gargajiya, ya girmi wanda ya ce ƙaramar hukuma, wadda gyaran 1976 ya kafa da fasalin da muka sani.

Gidajen mai da bankuna sun sha canza suna, kuma kowane canji kwanan wata ne a gare ka. Esso ya koma Unipetrol a 1976, BP ya koma AP a 1979. A 1979 ɗin ne Barclays ya zama Union Bank, Standard Bank ya zama First Bank. Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank a 2006. Hukumar lantarki ECN ce kafin ta zama NEPA a 1972. Gidan waya P&T ne har 1985, sannan aka raba shi NIPOST da NITEL. Fostar siyasa a bango ma haka: NPC da NEPU kafin juyin mulkin 1966, NPN da PRP da GNPP daga 1978 zuwa 1983, SDP da NRC daga 1989 zuwa 1993. Allon shago mai lambar wayar salula ta GSM bai riga 2001 ba.

Ka lura, duk waɗannan iyaka ɗaya suke ba ka. Allon First Bank na cewa hoton bai riga 1979 ba, bai ce 1979 aka ɗauka ba. Allon tsohon suna kuma yakan daɗe a bango ba a sauke ba, musamman a ƙaramin gari. Sai ka tara shaida biyu ko uku sannan ka rubuta "tsakanin kaza da kaza". Wanda ya rubuta shekara guda cak ba tare da hatimi ko rasit ba, ni ba na yarda da shi, ko da kuwa ya yi daidai.

Zama da masu labari

Kunna rakodar waya bayan ka nemi izini, ka ajiye ta a tabarma, ka miƙa wa tsohon hoton a hannunsa. In idonsa ya yi rauni, buɗe kwafin a waya ka faɗaɗa masa. Kada ka ce "Baba, ba ni tarihin kantin nan", zai ba ka jimla biyu ya yi shiru. Tambayi ƙananan abubuwa. Me ake tararwa in an shiga daga ƙofa? Wa ke riƙe da sikeli? Nawa ake biyan ɗan dako a buhu? Ana ba da bashi, kuma in an ba da, sai yaushe ake biya, kaka ko ƙarshen wata? Wa ya koyi sana'a a nan ya je ya buɗe nasa? Ranar da jirgi zai shigo, ƙarfe nawa mai tuwo ke ɗora tukunya? Daga irin waɗannan ne za ka ji yadda 'yan baranda ke tare manomi tun kafin ya isa fuloti, da yadda akawu ke duba auduga ya ce wannan lamba ɗaya ce wannan lamba biyu, da rigimar da ke biyo baya.

Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da G.B. Ollivant da CFAO su suka riƙe cinikin amfanin gona da kayan kanti a garuruwan dogo na Arewa, ga kuma Kwarori, wato Larabawan Lebanon da Siriya, da manyan 'yan kasuwar gida da ke saye a madadinsu. Mutane kan cakuɗa su, kowane babban kanti ya zama "kantin Bature". Wani tsoho ya gyara mini wani hoto da kowa ya yarda na kamfani ne, ya ce, "Wanga ba kantin Nasara na ba, na Kwara na, ni da kaina na yi mashi dako." Saboda haka kowane gini ka tambayi mutum biyu da ba su zauna tare ba.

In an zo kan yadda sana'ar ta mutu, iyali kan ce mai gidan ya tsufa, ko 'ya'ya ba su riƙe ba. Gaskiya ne, amma ka sa labarinsu a kan abin da ya faru da ƙasar gaba ɗaya. Rikicin 1966 da yaƙin basasa da ya biyo baya har 1970 sun kwashe 'yan kabilar Ibo masu shaguna da ma'aikatan reluwe da yawa daga garuruwan Arewa. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta canza masu kantuna. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya cinikin gyaɗa, kuma da gyaɗa ta faɗi, ɗan dako da mai ɗinkin buhu da mai abincin bakin fuloti duk sun bi ta. An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Manyan motoci sun ƙwace dakon da jirgi ke yi, kasuwa ta tashi daga bakin dogo ta koma bakin kwalta. Masaƙar Gusau ta tsaya. Salula ta kashe mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, daga baya wayar mai kyamara ta rufe ɗakin hoton kansa. In ka san wannan jeri, za ka gane wace guguwa ce ta ɗauke shagon da kake bincike, kuma za ka san tambayar da ta dace.

Akwai abin da za a faɗa maka wanda ba na rubutawa ba ne: wanda ya ci bashi ya gudu, wanda aka zarga da tauye mudu, rigimar gado. Jikokin mutanen nan suna raye, wasu ma maƙwabtanka ne. Saurara, ka kashe rakoda in an ce ka kashe, kada ya shiga abin da za ka fitar.

Waɗanda ba a taɓa ɗauka ba

In ka bi hotuna kaɗai, tarihin masu kuɗi za ka rubuta, don su ke iya kiran mai hoto. Mai hayar keke, mai gyaran fitilar ƙwai da risho, mai cika ashana, mai ɗaukar waƙa a kaset, mai yawo da garmaho, marina da masaƙa, matan da ke koda da masu soya ƙuli-ƙuli a cikin gida, ba wanda ya tsaya ya ɗauke su. Su ma ka ba su gurbi a zanen titinka. Inda babu hoton mutum, nemi kayan aikinsa: tsohon sikeli a zaure, keken ɗinki Singer da aka jingine, ramin karofi da ya cike da ƙasa, hatimin roba na shago. Ɗauke su, ka rubuta na wane ne. Keken mahaifina na nan ɗakina, kuma lambar da ke jikinsa ta fi duk wani hoto da muke da shi gaya mini lokacin da ya fara sana'a.

Adanawa da fitarwa

Gaya wa masu hotunan yadda za su kare na hannunsu. Abokan gabar hoto a ƙasarmu gara ce da kyankyaso da laimar damina da zafin ɗakin kwano. A sa su a ambulan na takarda, farar takarda tsakanin kowane biyu, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan wani abu, nesa da bango da ƙasa. Kada a sa salatif ko gam ko roba mai ɗaurewa. Kada a kai a yi musu laminetin, zafin na'urar na ɓata su kuma ba a iya cirewa. Bayani a baya da fensir mai laushi za a rubuta, biro na huda takarda kuma tawadarsa na ratsawa.

Naka kwafin kuwa, ba kowane fayil suna mai ma'ana, gari da wuri da kimanin shekara da gidan da ya fito. Ajiye a wuri uku: waya ko kwamfuta, filashi, da ma'ajiyar intanet irin Google Drive. Waya kan faɗa ruwa, akan kuma sace ta.

Manhajojin nan masu sa wa tsohon hoto launi da gyara fuska, ni ban ga amfaninsu a wannan aiki ba. Ba gyara suke yi ba, ƙirƙira suke yi. Sukan canza kamannin mutum har 'ya'yansa su ce ba shi ba ne, su mayar da rubutun allo wasu haruffa marasa ma'ana. In dole sai ka yi don sha'awa, ajiye na asali daban, ka kuma faɗa cewa wannan an taɓa shi.

Kafin ka sa hoto a Facebook, koma gidan ka sake neman izini a kan wannan hoton musamman, balle in akwai mata a ciki. Rubuta daga gidan da ya fito in sun yarda a ambata. Amfanin fitarwar babba ne, don 'yan gari da ke Kano da Legas da Abuja za su gane iyayensu su ƙara maka bayani, amma duk abin da aka faɗa a can ka kai shi majalisa a tantance kafin ka shigar da shi littafinka.

Wanda ke da hali ya leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ya nemi fayilolin Lardin Sakkwato, tunda a ƙarƙashinsa Zamfara da mafi yawan Kebbi suke a zamanin Turawa. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Tsofaffin kofe na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, na ɗauke da tallace-tallacen kayan da kantunan nan ke sayarwa. Tafi da zanen titinka da jerin sunaye, in ba haka ba za ka ɓace cikin takardu.

Sai ka koma kowane wuri da tsohon hoton a hannu, ka nemi daidai inda mai hoton ya tsaya, ka ɗauki wurin yadda yake yau. Bishiya ko ƙofar masallaci ko turken lantarki za su taimaka maka ka daidaita. In kusa da banki ne ko ofishin 'yan sanda ko harabar tasha, nemi izini kafin ka ɗaga waya. Wanke tsoho da sabo ka manna su gefe da gefe a babban littafi mai kauri, ka ba kowane gida kwafin nasu, littafin kuma ka riƙa kai shi majalisa ranar Juma'a bayan an sauko. A ƙarƙashin kowane hoto bar rabin shafi fari, ka ɗaura fensir da zare a jikin littafin, don gyara ba ya ƙarewa, kuma wanda ya ƙi magana a zuwanka na farko yakan karɓi fensirin in ya ga an rubuta sunan ubangidansa ba daidai ba.